Ranar Da Muka Buga 101 A Filin Golf Na Rayfield

Duk wanda ya saba bin hanyar Rayfield, a kudancin garin Jos, ba zai rasa hango waɗansu mutane daga nesa ba, bibbiyu ko hurhuɗu, suna tafe a hankali cikin wani makeken fili, ga samari a bayansu ɗauke da dogayen jakunkuna. Can sai ka ga ɗayansu ya tsaya, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga sanda ya kai wa ƙasa duka, sa'an nan dukansu su yi cirko-cirko suna duban sama. Wannan shi ne wasan golf, wanda waɗansu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Yawancin jama'armu daga bakin titi suka san shi, kuma hukuncin da aka yanke masa tun tuni shi ne, wasan manya ne, na waɗanda suka ci suka ƙoshi suka rasa abin yi.

Ba za mu ce hukuncin nan ƙarya ne ɗungum ba. Amma da yake mu ma mun ɗan tsoma hannu a wasan, tun lokacin da likita ya ce ko dai mu riƙa tafiya da ƙafa ko kuwa hawan jini ya yi mana sallama, mun ga ya kyautu mu ba masu karatu labarin yadda abin yake daga ciki. Ba daga bakin gwani za a ji shi ba. Daga bakin ɗan tsaka-tsaki ne, irin wanda in ya buga ƙwallo goma, uku su tafi inda ya aike su, bakwai su tafi inda suka ga dama. Kwanan baya muna kwashe tsofaffin takardu muka ci karo da katin sakamakon wasan da muka yi a Rayfield cikin watan Janairu na 2013, shi ne ya tuno mana da wannan yini.

Wani dattijo abokinmu, tsohon ma'aikacin gwamnati wanda ya daɗe a kulob ɗin, shi ya gayyace mu. Shekarar kuwa ba ƙarama ba ce a wurinsu, gama a 1913 aka kafa filin, wato a shekarar da muka je yana cika shekara 100 cif. 'Yan kulob ɗin suna alfahari da cewa nasu ne fili mafi tsufa a Nijeriya. Na Kaduna sai a 1921 ya zo, na Abuja kuwa mai sunan Janar Babangida jiya-jiya ne, a 1991 aka buɗe shi.

In an tambaya me ya kawo wasan mutanen Sikotilan kan dutsen Filato tun kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914, amsar kalma ɗaya ce: kuza. Turawan kamfanonin haƙar kuza ne suka zauna a Rayfield da Bukuru, suka ga ƙasa mai sanyi irin ta gida, ga fili fetal, suka auna ramukansu. Wasan dai tsoho ne a can ƙasarsu, har majalisar Sikotilan ta taɓa hana shi a 1457 don ya ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka, kuma a filin Sen Andurus ne aka tsayar da ramuka 18 a 1764, wanda duniya ta bi daga baya. A nan kuwa, a ƙasar Berom aka shimfiɗa filin, kusa da gonakin da haƙar kuza ta mai da kududdufai da tsibin jar ƙasa. Ɗan ƙasa a wancan zamani ba da sanda a hannu yake shiga filin ba, da jakar Bature a kafaɗa yake shiga. Farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, manyan kamfanoni sun watse, amma kududdufan suna nan, itatuwan turaren da aka dasa don rufe tabon ƙasa suna nan, filin golf ma yana nan, sai dai yanzu 'yan ƙasa ne da sanduna. Masu ɗaukar jaka ma har yanzu 'yan ƙasa ne.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Ramuka 18 ne warwatse cikin fili, kowanne da wurin da ake tsayawa a fara bugu, da kuma tuta a can nesa wadda ke nuna bakin ramin. Faɗin ramin milimita 108 ne kacal, ƙwallon kuwa bai kai ƙwan kaza ba, nauyinsa ba ya wuce giram 46. Aikinka shi ne ka kai ƙwallon nan cikin ramin da bugu mafi ƙaranci. Kowane rami yana da ƙa'idarsa, wato yawan bugun da ake sa ran gwani zai yi, uku ko huɗu ko biyar gwargwadon tsawonsa, in aka tara duka a yawancin filaye sai a sami 70 zuwa 72. Doka ta yarda mutum ya riƙe sanduna har 14, kowace da nisan da take kaiwa. Namu 11 ne, na gwanjo, ba ma uwa ɗaya ta haife su ba.

Akwai kuma wata dabara da ta sa muke ganin girman waɗanda suka tsara wasan, ita ce handikaf, wato rangwamen da ake yi wa kowa gwargwadon ƙarfinsa. Dattijo rangwamensa 14 ne a lokacin, namu 28. In an gama sai a cire wa kowa nasa daga jimlar bugunsa, a ga wanda ya fi. Ta haka tsoho zai kara da saurayi, ɗan koyo ya kara da gwani, kuma a tashi ba a san wanda zai ci ba sai ramin ƙarshe. Ba mu san wani wasan da ya tanadar wa mai rauni kujera irin wannan ba. Tun 2020 ma an haɗa tsarin rangwamen duniya ya zama ɗaya, har zuwa 54. Muka shirya da dattijo, wanda aka ci shi zai sayi lemo. Amma mu a zuci ba lemo ne ya dame mu ba. Shekara huɗu ke nan muna wasan ba mu taɓa gama ramuka 18 da bugu ƙasa da 100 ba, ga shi an ce mana ƙwallo ya fi tafiya a Jos, da yake garin yana bisa tudu kimanin mita 1,200 kuma iskarsa ba ta da kauri. Muka ce yau ko a mutu ko a yi rai.

Ƙarfe bakwai na safe muka isa, hunturu yana busawa, sanyin Jos ɗin nan mai shiga ƙashi. Baƙo yakan biya kuɗin shiga fili, ya rubuta suna, sa'an nan a haɗa shi da mai ɗaukar jaka, wanda 'yan wasa ke ce wa kadi. Wanda aka ba mu saurayi ne siriri, ba zai wuce shekara goma sha tara ba, sanye da tsohuwar rigar sanyi da silifas. Ya gaishe mu da ladabi, ya zaro sandunanmu ɗaya-ɗaya ya dudduba, ya mayar, bai ce komai ba. Mun gane wannan shirun. Irin shirun da makaniki ke yi ne in ya buɗe kan tsohuwar mota.

Babu wurin da ke tona asirin ɗan tsaka-tsaki kamar wurin bugun farko, gama nan ne kusa da ginin kulob, kowa yana gani. Dattijo ya dasa ƙwallonsa bisa ɗan tsinken da ake ɗora shi, ya yi lilo da sanda a hankali kamar ba ya so, ƙwallo ya miƙe tsakiyar fili. Mu kuwa muka zaro babbar sanda, wadda ake kira direba, muka tattara ƙarfin tuwon jiya duka muka sake mata. Ƙwallo ya tashi da kyau, har zuciyarmu ta fara murna, sai ya karkata dama kamar an kira sunansa, ya faɗa cikin busasshiyar ciyawa gindin itatuwa. Yaron ya ce, "Na gan shi, Baba." Ya kuwa gan shi. Ya taka kai tsaye ya tsaya a kansa, alhali mu da mu kaɗai ne da har yanzu muna can muna nema. A lokacin doka ta ba da minti biyar na neman ƙwallon da ya ɓace, daga 2019 aka rage zuwa uku, in bai fito ba ka koma inda ka buga, da tarar bugu ɗaya a kanka.

Abin da aka faɗa mana game da Jos gaskiya ne, amma rabin gaskiyar. Ƙwallo yana tafiya ƙwarai, musamman da rani da ƙasa ta bushe ta yi tauri kamar daɓe, in ya faɗi sai ya yi ta tsalle yana gudu. Sai dai ba a gaya mana cewa ƙwallon da ya ɓata hanya shi ma yana ƙara nisa cikin ɓatansa ba. Wanda a wani fili zai tsaya bakin ciyawa, a nan sai ya shige can ciki, bayan dutse ko gindin suri.

Wurin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne kewayen rami. Wanda ya saba ganin golf a talabijin ya san koriyar ciyawa ce a wurin, mai laushi kamar darduma. A lokacin da muka je, a Rayfield yashi ne, kamar yadda aka saba a tsofaffin filayen Arewa, inda shayar da ciyawa wata shida na rani ba ƙaramin kuɗi ba ne. Yashi ake tacewa a cuɗa shi da baƙin mai don kada iska ta kwashe shi, a shimfiɗa, suna ce masa burawun saboda launinsa. Kafin ka gangara ƙwallo sai an ja buhu ko wani ɗan katako a share sawun ƙafa tsakaninka da rami. Kada mai karatu ya raina shi. A Ikoyi ta Legas aka riƙa yin babbar gasar Nijeriya, wadda Sandy Lyle na Sikotilan ya ci a 1978, Vijay Singh ɗan ƙasar Fiji kuma ya ci a 1988 da 1989, dukansu biyu daga baya suka ci manyan gasannin duniya, kuma filayen ƙasar nan na wancan zamani da yashi aka san su. Yashi yana da kirkinsa: ƙwallo in ya faɗo kansa yakan zauna, ba ya zamewa, kuma ba ya yawan kauce hanya. Amma yana son a buga da zuciya ɗaya. Mu da muke jin tsoron wucewa, sau uku a ramuka biyar na farko ƙwallonmu yana tsayawa taki ɗaya kafin rami.

A rami na shida yaron ya gaji da kallo. Muka miƙa hannu muka ce ya ba mu direba, sai ya miƙo wata ƙaramar sandar ƙarfe. Muka ce, "Ɗana, direba muka ce." Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, direba ba ta jin maganarku yau. Ku buga wannan sau biyu, kuna tsakiyar fili. Kuma ku daina ɗaga kai, ni zan duba muku ƙwallon." Dattijo ya kawar da fuska yana dariya. Gaskiya abin ya ɗan sosa mana rai, ga mu da furfura, yaro sa'an autanmu yana koya mana. Amma muka bi, kuma a wannan ramin ne muka fara yin bugu ɗaya tak bisa ƙa'ida.

Daga nan hira ta ɓalle. Ya ce tun yana shekara goma sha ɗaya yake zuwa filin, da farko tsintar ƙwallayen da suka ɓace a ciyawa yake yi yana sayarwa, daga baya aka bar shi ya ɗauki jaka. Da kuɗin jakar yake biyan makaranta, har ya taimaka wa mahaifiyarsa. Sandarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da guntun rodi da ya lanƙwasa. Ya san kowane gangare na filin, ya san inda iska ke juyawa in rana ta ɗaga, ya san nisan kowane itace zuwa tuta ba tare da awo ba. Wannan ba sabon abu ba ne: da yawa daga 'yan Nijeriya da suka mai da golf sana'a ta ƙofar jaka suka shigo. Abin da ke tsaye tsakanin irin yaron nan da gasa ba basira ba ce, sanduna ne, da takalmi, da kuɗin mota zuwa Kaduna ko Legas. Mu da muke da sandunan kuwa, ga yadda muke yi da su.

Muka gama tara na farko da 51. Ba kyau, amma ƙofa ba ta rufe ba, in muka yi 48 a sauran mun sami 99. Rana ta ɗaga, sanyi ya sake mu, muka tuɓe rigar sanyi. Da shawarar yaron muka yi ta lallaɓawa, biyar nan, shida can, har wani gajeren rami muka yi shi da huɗu. Ƙafafu suka fara ƙorafi, gama zagayen ramuka 18 ba ya kasa kilomita bakwai ko takwas ga mai tafiya miƙe, balle mu masu zuwa gaisuwa gabas da yamma. Da muka gama rami na 16 dattijo ya tara lissafi ya ce, "Malam, 88 gare ka. In ka yi 11 a biyun nan, yau ka shiga sahun mutane." Da bai faɗa ba da ya fi mana, gama tun daga nan hannu ya fara gumi.

A rami na 17 bugu na biyu ya kai mu cikin ciyawa, bayan wani ɗan tudu, inda dattijo ba ya hango mu. Ƙwallon yana zaune lafiya, sai dai wani busasshen kara ya gitta a gefensa. Doka ta yarda a kawar da irin wannan, muddin ƙwallo bai motsa ba. Muka sunkuya muka ja karan a hankali, sai ƙwallon ya mirgina, bai fi faɗin yatsa ba. Hukuncin wannan a bayyane yake, a wancan lokaci da yau duka: tarar bugu ɗaya, a mai da ƙwallo inda yake. Muka mai da shi da sauri. Muka ɗaga ido, yaron yana tsaye da jaka, yana duban wani wuri can daban.

A nan ne golf ya bambanta da ƙwallon ƙafa, inda ɗan wasa zai taɓa da hannu ya jira ko alƙali ya gani. A wasan yau da kullum na golf babu alƙali mai usur. Abokin wasanka ne ke riƙe da katinka, abin da ka gaya masa shi zai rubuta, a ƙarshe ku duka ku sa hannu. 'Yan golf har yau suna ba da labarin Bobby Jones na Amurka, wanda a babbar gasar ƙasarsu ta 1925 ƙwallonsa ya motsa cikin ciyawa, ya ci kansa tarar bugu ɗaya ko da yake jami'ai ba su gani ba, aka tashi kunnen doki da Willie Macfarlane, aka sake karawa ya sha kashi. Mun san labarin nan sarai, mun sha ba da shi a wurin hira. Ashe ba da labari daban, tsayawa bayan tudu da 88 a kati daban.

Muka ƙarasa ramin. Dattijo ya zaro fensir ya ce, "Nawa, Malam?" Muka ji bakinmu ya ce, "Shida." Ya rubuta. Yaron bai ce uffan ba, ya karɓi sandar ya goge mata yashi da tsumma, ya goge, ya sake gogewa, sandar da ba ta da sauran datti. Ba zai taɓa tona mu ba, wannan mun sani, abincinsa yana hannun masu sanduna, kuma ba a horar da ɗan Filato ya ƙaryata babba a gaban mutane ba. Wannan ɗin ne ma ya fi yi mana nauyi. Tsakanin ramin da wurin bugu na 18 tafiyar minti biyu ce, amma ba mu taɓa yin doguwar tafiya irinta ba. Da muka isa muka ce, "Ranka ya daɗe, a gyara. Bakwai ne, ƙwallo ya motsa a ciyawa." Dattijo ya dube mu ta saman tabarau, ya juya fensir ya goge, ya rubuta 7, ya ce, "Kai ne da bugu." Bai ƙara ko kalma ba.

Yanzu muna da 95, sai mun yi huɗu a ramin ƙarshe, abin da ko a mafarki ba mu cika yi a dogon rami ba. Muka ce a ba mu direba. Wannan karon yaron bai yi gardama ba, ya miƙo. Ta kuwa yi halinta, dama, cikin itatuwa. Bugu ɗaya na fitowa, ɗaya na kusantowa, ɗaya na hawa yashi, biyu na gangarawa: shida. Jimla 101. Wato ko da mun bar shidan nan na ƙarya a kati, 100 za mu tashi da shi, ƙasa da ɗarin da muka sayar da mutunci dominsa na minti biyu ba za mu same shi ba. Dattijo ya yi 86, aka cire masa 14 ya rage 72. Mu aka cire 28 ya rage 73. Da bugu ɗaya ya ci mu, kuma kowa ya san wane bugu ne.

Kafin mu shiga sayen lemon, dattijo ya ce wa yaron, "Kai, nuna wa Malam yadda ake yi." Ya ɗan yi jim, ya dube mu, muka ce ya ɗauki duk wadda yake so. Direban nan ya zaro, wadda muka yini muna zarginta. Ya tuɓe silifas ya tsaya ƙafa ba takalmi, ya yi lilo sau ɗaya, ba wani ƙarfi da muka gani ya sa, muka ji wata ƙara da sandar ba ta taɓa yi a hannunmu ba. Ƙwallon ya miƙe ɗoɗar, ya yi ta hawa har ya shige cikin hazon hunturu, mu dai ba mu ga inda ya sauka ba. Ya goge sandar, ya mayar cikin jaka, ya ce, "Sandar tana da kyau, Baba."

Muka biya shi kuɗin jaka, muka ƙara masa abin da ya sawwaƙa, muka ce ya zo a sha lemon da shi. Ya yi godiya ya ce a ba shi nasa a kwalba ya tafi da shi, gama akwai wani Alhaji da ya iso daga Bauci zai fara wasa ƙarfe goma sha biyu, kuma shi ne zai ɗaukar masa jaka.